LUMI da EuroHPC: na'urar ta biya ni, amma wa ke bin sawun kuɗinta?

Ɗalibai masu digiri na uku daga gida sukan tambaye ni ko da gaske ne a Turai ana ba mai bincike ƙasaitacciyar kwamfuta ya yi aiki a kanta bai biya ko sisi ba. Gaskiya ne, ni ma na ci moriyar abin. Aikina horar da manhajar hasashen ruwan sama, ina ɗura mata hotunan tauraron ɗan'adam na yankin Sahel, daga Tawa da Maraɗi har Katsina da Nguru, domin ta koyi bambanta hadarin da zai zubar da ruwa da wanda zai ƙare a iska da ƙura. Na'urar sashenmu a jami'ar da nake aiki ba ta iya ɗaukar wannan kaya, shi ne muka nemi lokaci a kan LUMI, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙasaitattun kwamfutoci, ta hannun EuroHPC, hukumar da ke sayen su da raba lokacin aiki a kansu. Zan faɗi yadda na samu hidimar, sannan in faɗi abin da na gani da na bi takardun da Majalisar Dokokin Turai take dubawa kafin ta ce an kashe kuɗin bisa ƙa'ida. A wurina biyun ba sa rabuwa, domin ana cirar haraji daga albashina duk wata a nan Turai, kuma da kuɗin haraji aka sayi na'urar.

EuroHPC haɗin gwiwa ce da aka kafa a 2018, hedikwatarta a Luxembourg. Ɓangare uku ne a cikinta: Tarayyar Turai, da ƙasashen da suka shiga, da ƙungiyoyin kamfanoni. A 2021 aka sabunta dokarta, aka yi mata kasafin kusan Yuro biliyan 7 na shekarun 2021 zuwa 2027, wanda kimanin biliyan 3 daga aljihun Tarayyar suke fitowa. Da irin waɗannan kuɗi aka sayi Vega a Sulobeniya, da Leonardo a Bologna ta Italiya, da MareNostrum 5 a Barcelona, da JUPITER a Jülich ta Jamus wadda aka buɗe a Satumban 2025 a kan Yuro miliyan 500. Akwai wasu ƙanana a Luxembourg da Cek da Bulgeriya da Fotugal.

LUMI tana garin Kajaani a ƙasar Finlan, cikin ginin wata tsohuwar masana'antar takarda. An buɗe ta a Yunin 2022, kuma a wannan watan ta zo ta uku a jerin kwamfutocin da suka fi sauri a duniya. Kuɗin aikin gaba ɗaya ya haura Yuro miliyan 200, rabi daga Tarayyar, rabi daga gungun ƙasashen da Finlan ke jagoranta. Wutar da take ci daga madatsun ruwa take, zafin da take fitarwa kuma ana tura shi bututun ɗumama gidajen garin. Ban taɓa taka ƙafa a Kajaani ba, kuma ba a buƙatar hakan. Daga kan tebur ɗinka kake shiga da makullin SSH, wato mabuɗin sirri na shiga kwamfuta daga nesa, ka sami baƙin allo yana jiran umarni.

Neman shiga ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro, in dai mutum ya bi ta ƙaramar ƙofa. Akwai kason gwaji, na 'yan watanni, wanda ake karɓar takardunsa kowane wata, don ka auna ko manhajarka tana gudu a kan na'urar. Akwai kason gyaran manhaja, shi ma wata-wata ake karɓa. Manyan kaso biyu kuwa sau biyu a shekara ake buɗe su, kuma a nan ne masana ke zama su tantance ko bincikenka ya cancanci awannin da ka nema. Ba sa yarda da zancen baka. Sai ka nuna musu da lambobi cewa in an ninka maka na'urori, aikinka zai ragu da kusan rabin lokaci, ba wai ya tsaya yana jiran kansa ba. Mu da ƙaramin muka fara, lambobin da muka samu a can su muka ɗora a takardar neman babban.

Wani sharaɗi da ya kamata 'yan'uwa na gida su sani tun da wuri: jagoran aikin dole ya kasance a wata cibiya da ke cikin ƙasashen Tarayyar ko waɗanda ke da yarjejeniya da shirin. Malami a Kano ko Yamai ba zai nema da sunan jami'arsa ba, komai kyawun bincikensa. Hanyarsa ita ce haɗin gwiwa da wani a can. Abin yana min ciwo, tunda damina tasu nake lissafawa, amma ban ga laifin masu kuɗi ba da suka fara da gidansu.

Ita na'urar kanta, gani ya kori ji. Ɓangarenta mai katunan lissafi na GPU yana da rukuni 2,978, kowane rukuni da kati huɗu na AMD MI250X. Kowane kati kuma gida biyu ne a ciki, saboda haka manhajarka takwas take gani a rukuni ɗaya. Horon da kan cinye mana makonni a sashenmu, a nan in ka tura da yamma, kafin ka gama karin kumallo ya kammala. Hakan ya canza yadda nake tunanin bincike. Da can in tunani ya zo min sai in auna shi sau goma kafin in gwada, domin gwaji ɗaya yana da tsada. A LUMI sai in gwada guda biyar lokaci ɗaya in ga wanda ya tsira.

Amma mai shirin zuwa ya yi shiri. Katunan na AMD ne, ba na NVIDIA ba, kuma yawancin manhajojin koyon na'ura da ke yawo a intanet an rubuta su ne da CUDA, tsarin da ke tafiyar da katunan NVIDIA, a zuci. PyTorch, manhajar da ake horon da ita, yana gudu lafiya a kan ROCm, takwaran CUDA na AMD, sai dai duk wani ƙaramin ɗakin karatu na manhaja da ka jingina da shi, sai ka bincika ko yana da irin na AMD. Wanda aikinsa ya dogara kacokan ga NVIDIA gara ya nemi Leonardo, mai katunan NVIDIA. Na biyu, ana ƙayyade yawan fayilolin da za ka ajiye, ba girmansu kaɗai ba, don haka girka Python yadda ka saba a laftof, da dubban ƙananan fayiloli, ba ya tafiya. Sai ka kulle komai cikin kwantena ɗaya, wato babban fayil guda da ya ƙunshi manhajar da duk kayanta. Na uku, kuma wannan a rubuce yake ɓaro-ɓaro a littafin jagorarsu, ba a ajiye maka kwafin bayananka. In ka goge, ka goge. Aiki ɗaya a babban layin da ake tura ayyuka ga na'urar ba ya wuce kwana biyu, saboda haka dole manhajarka ta iya ajiye inda ta tsaya ta ci gaba daga nan. Ba na ɗaukar waɗannan a matsayin aibu. Dokokin gidan haya ne da dubban mutane ke ciki, kuma an faɗe su tun kafin ka sa hannu.

Masu taimakon masu amfani sun cancanci yabo. Suna warwatse a ƙasashen da suka haɗa kuɗin, kuma wanda ke ba ka amsa mutum ne da ya san na'urar, ba mai kwafo maka shafi ba. Har zaman hira suke yi ta bidiyo lokaci-lokaci, kowa ya kawo matsalarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lissafi. An ce kyauta ne, amma ban taɓa aiki a inda ake ƙirga abu da tsanani haka ba. Ana ba aikinku adadin awannin GPU. Ka kama rukuni ɗaya a babban layi na awa ɗaya, an cire awa huɗu, ko ka yi amfani da katunan duka ko ka bar uku suna barci. Wurin ajiya ma ana lissafa shi da girma da daɗewa, mai saurin ya fi tsada. Akwai umarnin da za ka buga, lumi-allocations, ya nuna maka abin da ya rage. Ranar da ya kai sifili, na'urar ba ta karɓar aikinka, ba roƙo ba sanayya. In wa'adi ya cika ana ba ka ɗan lokaci ka kwashe kayanka, sannan ka rubuta rahoton abin da ka yi da awannin jama'a. Na ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Shi ne kuma ya sa na tambayi kaina: in ni ƙaramin ma'aikaci ana bina awa-awa, su waɗanda suka riƙe biliyoyin wa ke bin su, kuma da wane irin tsanani?

Amsar tana nan a fili, kowa na iya karantawa. Tun Satumban 2020 EuroHPC ta fara riƙe kuɗinta da kanta, ƙarƙashin babban daraktanta Anders Dam Jensen, ɗan ƙasar Denmark. Daga nan ta shiga layin hukumomin da sai Majalisar Dokokin Turai ta wanke su kowace shekara, wato ta tabbatar sun kashe kuɗin bisa ƙa'ida. Tsarin yana cikin sashe na 319 na yarjejeniyar tafiyar da Tarayyar. Shekara ta ƙare, hukuma ta rufe littafinta. Kotun Binciken Kuɗi ta Turai, wadda ita ma a Luxembourg take da mamba ɗaya daga kowace ƙasa cikin 27, ta aiko masu binciken kuɗi. Sunanta kotu amma ba ta ɗaure kowa, odita ce. Wajen ƙarshen shekara mai biyowa ta fitar da rahoto. Majalisar ministocin ƙasashe ta ba da shawararta. Sai kwamitin sa ido kan kasafi na Majalisar Dokoki ya aika tambayoyi a rubuce, ya saurari shugabannin, ya rubuta nasa. A ƙarshe zauren majalisa ya kaɗa ƙuri'a kafin 15 ga Mayu na shekara ta biyu: a wanke darakta, ko a ɗage zuwa kaka, ko daga baya a ƙi.

Ƙin ba wasa ba ne a tarihin gidan. A Disamban 1998 Majalisar Dokokin ta ƙi wanke Hukumar Tarayyar, wato ɓangaren zartarwa na Tarayyar, kan kasafin 1996, kuma a Maris 1999 shugabanta Jacques Santer da kwamishinoninsa duka suka ajiye aiki. A Oktoban 2022 ta ƙi wanke Frontex, hukumar tsaron iyakoki, kan asusun 2020. EuroHPC ba ta shiga wannan sahu ba. A rahotannin da na karanta, daga asusun 2020 zuwa gaba, masu binciken sun ce littattafanta sahihai ne, kuɗin shiga da na fita sun bi doka, majalisa kuma ta wanke ta. Ba a ce wani ya saci ko kwabo ba, kuma ya kamata a faɗi haka tun farko.

Sai dai bayan ƙuri'ar akwai doguwar takardar tsokaci, kuma a nan naman yake. Abu ɗaya ke dawowa shekara bayan shekara. A dokar 2018 an rubuta cewa ƙungiyoyin kamfanoni za su kawo gudummawar aƙalla Yuro miliyan 420, ba tsabar kuɗi ba, a'a ta hanyar ɗawainiyar da suke ɗauka da kansu a ayyukan bincike. Shekaru sun shuɗe, masu binciken suka duba, abin da aka bayar da rahotonsa bai kai kashi 5 cikin 100 na wannan adadi ba. Adashe ne na mutum uku, biyu suna zubi a kan kari, na ukun an rubuta sunansa da babban zubi a littafi amma abin da ya ajiye bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma uwar adashe ba ta da ikon hana shi zama.

Da farko mutum zai ce kamfanonin ne suka yi wayo. Da na karanta bayanin masu binciken sai na ga abin ya fi haka sarƙaƙiya. Ana lissafa gudummawar kamfani ne da ɓangaren kuɗin aiki da ba a mayar masa ba. To a tsarin tallafin EuroHPC, nau'in aiki ɗaya ne kawai ke barin irin wannan rata, ayyukan ƙirƙira, kuma ratar ba ta wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin aikin. Sauran ayyukan Tarayyar da ƙasashe ne ke biya duka, ba abin da ya rage a ƙirga wa kamfani. Mafi yawan kuɗin EuroHPC kuma sayen na'urori ake yi da su, inda kamfanoni masu sayarwa ne, ba masu zubi ba. Ke nan an rubuta adadin da ƙa'idar kanta ta toshe hanyar kai wa gare shi. Abin mamaki, da aka zo sabunta dokar a 2021 sai aka ɗaga adadin zuwa miliyan 900, masu binciken kuma suka yi gargaɗin cewa shi ma da wuya a cim masa in ba a gyara tsarin ba.

A nan ne na ga iyakar ƙarfin majalisar. Wanda take wankewa darakta ne, kuma ba shi ya rubuta dokar ba. Irin wannan haɗin gwiwa majalisar ministoci ce ke kafa shi bisa shawarar Hukumar Tarayyar, Majalisar Dokoki jin ra'ayinta kawai ake yi. Saboda haka 'yan majalisa suna rubuta cewa sun lura, sun damu, suna kira, shekara ta zagayo su sake rubuta haka. Ƙin wanke darakta saboda kuskuren da ba nasa ba zalunci ne, na yarda. Amma kuma alƙawarin miliyan 420 yana cikin abin da aka nuna wa jama'a lokacin da ake cewa wannan haɗin gwiwa ne na gwamnati da 'yan kasuwa. In kuɗin jama'a ne kusan duka, a faɗa haka kawai, ba abin kunya ba ne. Na fi son a ce min gwamnati ta saya wa masu bincike na'ura da harajinmu, da a kira abin da sunan da lissafinsa bai tabbatar ba.

Sauran tsokacin sun fi sauƙin fahimta. An ce ɗaukar ma'aikata ya yi jinkiri a daidai lokacin da kasafin ya ninka sau da yawa, wato ofishi ƙarami yana riƙe da kuɗi masu yawa. An ce sayen na'urori yana ɗaukar dogon lokaci, kuɗin da aka ware ba sa fita a shekararsu, har ɗaruruwan miliyoyi suka taru suna zaune a asusu. Misalin da kowa a fagenmu ya sani shi ne MareNostrum 5. A 2021 aka soke gasar kwangilarta ta farko saboda kwamitin gudanarwa bai sami rinjayen da ake buƙata ba. Jaridu sun ruwaito cewa saɓanin a kan ko a fifita kamfanin Turai ne ko a bi farashi da ƙarfi. Aka sake gasar, kamfanin Atos na Faransa ya ci a 2022, aka buɗe na'urar a Disamban 2023. A wannan sana'a jinkirin shekara ɗaya asara ce ta gaske, domin katin da ya fi kowane sauri bana, baɗi wani ya sha gabansa. Kuɗin ba su ɓata ba, amma awannin da masu bincike za su samu sun ɓata, kuma babu layin da ke nuna wannan a littafin asusu.

Wannan shi ne babban ƙorafina da tsarin sa idon gaba ɗaya. Tambayar da yake amsawa ita ce ko an kashe kuɗi bisa ƙa'ida. Masu binciken kuɗin suna zaɓar wasu biyan kuɗi su bi su har wurin wanda ya karɓa, su duba ko awannin ma'aikata da aka lissafa daidai ne, kuma in kuskuren bai kai kashi 2 cikin 100 ba su ce ba shi da nauyi. Aiki ne mai kyau. Amma ni da ke zaune a gaban baƙin allon, tambayoyina daban suke. Kashi nawa na awannin da aka raba aka yi amfani da su da gaske? Cikin masu nema, nawa aka mayar hannu rabbana? Ƙananan ƙasashe da ƙananan jami'o'i suna samu, ko manyan cibiyoyin da suka iya rubuta takarda ne ke kwashewa? Katunan da aka kama, aiki suke yi ko zaman jiran bayanai daga faifai? Duk wanda ya yi aiki a irin wannan wuri ya san ana iya cinye kaso gaba ɗaya da manhajar da ba ta amfani da ko rabin ƙarfin katin. Na'urar tana rubuta duk waɗannan lambobi da kanta. Da ni ɗan kwamitin ne, su zan fara nema kafin in tambayi adadin ma'aikatan ofis.

Sai kuma jinkiri. Kuɗin da aka kashe a Janairun wata shekara, sai bayan wata ashirin da wani abu ake kaɗa ƙuri'a a kansu. Ga aikin hanya ko gada wannan ba komai ba ne. Ga na'urar da ake sa ran za ta yi shekara biyar ko shida kafin a maye gurbinta, ya yi nisa. Kuma nauyin ƙaruwa yake yi: a 2024 an faɗaɗa dokar EuroHPC domin ta gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, a Disamban shekarar aka zaɓi wurare bakwai na farko, har da na Finlan. Yanzu ƙananan kamfanoni ma suna cikin masu shiga layi, wanda ke ƙara wa tambayar wa ya samu kuma wa ya biya nauyi.

Duk da haka ba zan rage wa tsarin abin da ya cancanta ba. Rahoton masu binciken, da amsar da hukumar ta bayar a kan kowane tsokaci, da daftarin kwamiti, da gyare-gyaren da kowane ɗan majalisa ya kawo da sunansa, da sakamakon ƙuri'a, duk suna intanet kyauta. Zaman kwamitin ana watsa shi kai tsaye da fassara. Ban nemi izinin kowa ba, ban san kowa ba, na zauna da shayi na karanta. Rahoton masu binciken har jadawali yake da shi na tsokacin shekarun baya, kowanne an rubuta a gabansa ko an rufe shi ko yana nan buɗe. Wannan jadawalin ya fi komai amfani a wurina, domin shi ke hana a manta. Harshen takardun majalisar kuwa yana da nauyi, sakin layi bayan sakin layi masu farawa da kalma iri ɗaya, yabo da suka a cakuɗe ba tare da an nuna wanne ya fi muhimmanci ba. Mai son fahimta ya fara da na masu binciken, ya fi gajarta kuma ya fi kaifi.

Ga wanda ke jami'a a Turai kuma aikinsa ya fi ƙarfin na'urar sashensu, shawarata ya nemi kason gwaji a watan nan, kada ya jira babban. Ya gwada manhajarsa a kan AMD da NVIDIA duka kafin ya zaɓi gida, ya tanadi inda zai kwashe bayanansa tun kafin wa'adi ya matso, kuma in yana da abokin aiki a Kano ko Yamai ya tambayi masu kula da na'urar sharuɗɗan sa shi cikin aikin tun ranar da yake cike takarda.